Allon Nucleo ya ƙi tashi? Fashin baƙi kan jamfofin JP5, JP1, JP6, CN2 da BOOT0

Kamfanin da ya ƙera ƙaramar ƙwaƙwalwar lantarki, wadda injiniyoyi ke kira maikrokwanturola, ya san ba wanda zai sayi dubunta ya zuba cikin mitar wuta ko inbata bai gwada ɗaya ba. Shi ya sa yake fitar da allon gwaji. An riga an dasa ƙwaƙwalwar a tsakiya, an ja mata wuta, an fito da ƙafafunta gefe da gefe yadda za ka soka waya ba sai ka ɗora ƙarfen dalma a wuta ba. Sai dai mai zana allon bai san hannun da zai faɗa ba. Wani daga kwamfuta zai ba shi wuta, wani daga batir. Wani so yake ya auna abin da ƙwaƙwalwar ke sha, wani kuma allon zai mayar abin loda shiri, wato umarnin da ake rubuta wa ƙwaƙwalwa, a kan wani allon daban. Maimakon a buga allo iri goma, sai a buga ɗaya, a bar wasu hanyoyin a yanke, a ce mai saye ya haɗa wadda ta dace da aikinsa. Abin haɗawar shi ne jamfa.

Jamfa 'yar hular roba ce, galibi baƙa, da ɗan ƙarfe a cikinta. Ana cusa ta kan ƙafafu biyu da ke tsaye dab da juna, tazarar milimita 2.54 a tsakaninsu, sai su zama waya ɗaya. Iyakar aikinta ke nan. Amma hukuncin da ta yanke ya riga duk wani layi na shirin da za ka rubuta, kuma babu umarnin da za ka buga a kwamfuta ya warware shi. Waɗanda suka yi gyaran kwamfuta a zamanin faifan ajiya na IDE za su tuna da ita, domin ita ce ke raba gardamar wane faifai ne babba idan biyu suka haɗu a kebul ɗaya.

Maganar jamfa ba ta fahimtuwa a iska, sai da allo a gaba. Na ɗauki Nucleo-64 na kamfanin STMicroelectronics, dangin allunan da suka fito a 2014 domin ƙwaƙwalen STM32, saboda yana da araha kuma ɗaliban injiniyan lantarki sun san shi. A cikin dangin ma, wanda nake nufi shi ne mai lambar MB1136, irin su NUCLEO-F401RE da NUCLEO-F103RB da NUCLEO-L476RG, wanda littafin bayaninsa ke ɗauke da lambar UM1724. Riƙe wannan lamba da kyau, dalilin zai zo.

Allon gida biyu ne a jiki ɗaya. Ɗan sashen sama, inda ramin USB yake, shi ne ST-LINK, kuma yana da tasa ƙwaƙwalwar, STM32F103CBT6, wadda aikinta karɓar shiri daga kwamfuta ta zuba wa ta ƙasa, ta kuma taya ka bin diddigin kuskure. Babban sashen ƙasa shi ne na ƙwaƙwalwar da kake gwadawa. Da yawan ruɗanin da ake shiga daga nan yake farawa, domin kwamfuta na iya ganin ST-LINK lafiya ƙalau, har ta buɗe maka ɗan faifai mai suna NODE_F401RE, alhali ƙwaƙwalwar ƙasa ko ɗigon wuta ba ta samu ba.

Saboda haka da wuta ake farawa, kuma jamfar wuta ita ce JP5. Ƙafafu uku gare ta a jere. Ta tsakiya ita ce ke shayar da layin bolt 5 na allon, na gefe biyun kuma kowace da inda ta fito, kamar yadda mai noman rani ke toshe wannan kwari da laka ya buɗe wancan. An rubuta U5V a gefe ɗaya, wato wuta daga USB, an rubuta E5V a ɗaya gefen, wato wuta daga waje. Daga kamfani a kan U5V take zuwa, ƙafa ta 1 da ta 2. Idan wani ya mayar da ita kan E5V ya manta, kai kuma ka zo ka jona USB kawai, fitilar LD1 ta sashen ST-LINK za ta kama, jar fitilar wuta ta LD3 kuwa shiru. Allon lafiyarsa lau, jira yake a kawo masa wuta ta ƙofar da aka ce masa za ta shigo.

Ƙofofin wajen da ke bi ta JP5 biyu ne, kuma duka biyun a kan E5V ake ajiye musu jamfar, wanda hakan kan rikita mutane. Ta farko ita ce ƙafar E5V kanta, ta 6 a jerin ƙafafun da aka rubuta wa CN7, wadda ke son tsabtatacciyar wuta tsakanin bolt 4.75 da 5.25, kuma kada abin da za a ja ya wuce miliamfiya (mA) 500. Ta biyu ita ce VIN, ƙafa ta 8 a CN6 ko ta 24 a CN7, mai karɓar bolt 7 zuwa 12 ta bi da su ta regileta ta sauko da su zuwa 5.

Dubi iyakokin da kamfani ya gindaya wa VIN. A bolt 7 an yarda ka ja mA 800. Daga sama da 7 zuwa 9, mA 450. Daga sama da 9 zuwa 12, mA 250 kacal. Wanda bai saba ba zai ga abin a juye, ya za a ce ƙarin bolt ya jawo ragin abin da za a ja? Amsar tana cikin irin regiletar. Ba ta mayar da rarar bolt wani abu mai amfani, ƙona ta take yi ta zama zafi. Yi lissafin da kanka. Bolt 7 a cire 5 saura 2, sau 0.8 ya ba da wat 1.6. Bolt 9 a cire 5 saura 4, sau 0.45 ya ba da 1.8. Bolt 12 a cire 5 saura 7, sau 0.25 ya ba da 1.75. Lambobin uku kusan abu ɗaya suke faɗa: 'yar regiletar nan ba ta iya zubar da zafin da ya kai wat 2. Wannan ya shafi duk mai niyyar jona allon kai tsaye da batirin sola ko na mota don ya ga an rubuta 12 a jikinsa. Irin wannan batir idan ya cika yakan haura bolt 12.6, idan yana kan caji kuma ya kan kai 14 da ɗoriya. Ya tsallake iyaka ke nan. A ganina ba a ma kai ga gardama ba, sa ɗan abin sauke bolt a tsakani ka shigo da bolt 5 ta E5V, regiletar allon ta huta.

Akwai kuma tsarin jonawa idan za ka haɗa wutar waje da USB a lokaci guda. Ka fara mayar da JP5 kan ƙafa ta 2 da ta 3, ka tabbata babu jamfa a JP1, ka kunna wutar waje, ka ga LD3 ta kama, sannan ka soka USB. Littafin ya yi gargaɗin cewa idan aka juya tsarin, allon na iya fara jan wuta daga kwamfuta, kuma in kayan da ka ɗora masa masu ci ne, ramin USB ɗin kwamfutar ne zai ɗanɗana.

JP1 ita ce jamfar da aka fi mantawa da ita, don daga kamfani tsirara take zuwa, ƙafafu biyu ba hula. Ita ce kuma ta fi shafar mai aiki inda wutar gari ba ta da tabbas. A dokar USB 2.0, na'urar da aka jona ba ta da izinin jan sama da mA 100 sai ta gabatar da kanta ga kwamfuta ta faɗi abin da take buƙata, wanda bai wuce mA 500 ba. ST-LINK yana bin wannan doka sau da ƙafa. Da ka jona shi, shi kaɗai ke shan wuta, ya nemi mA 300, sai kwamfuta ta amince sannan ya buɗe wa sashen ƙasa. Shi ya sa LD3 ke ɗan jinkiri kafin ta kama.

To, caja da fawa bank ba sa wannan gaisuwar. Wuta kawai suke bayarwa. ST-LINK zai yi ta jiran amsar da ba za ta zo ba, LD3 ba za ta kama ba, shirin da ya yi aiki sumul a kan tebur ya ƙi motsi ranar da aka kai shi gaban malami a kan fawa bank. Maganin shi ne a ɗora jamfa a JP1. Da ita a kai, allon ba ya neman sama da mA 100, kuma yana sakar wa ƙwaƙwalwar wuta ko ba a yi gaisuwar ba. Sharaɗin shi ne idan ka dawo kan kwamfuta da jamfar a wurin, kada jimillar abin da allon da kayan kansa ke ja ta wuce mA 100 ɗin da aka yi alkawari.

Ina za a samo hular? Juya allon. A ƙasansa, kan CN11 da CN12, kamfani ya ajiye spaya guda biyu. Ƙafafun da suke kai duka na GND ne, wato layin sifilin bolt, don haka cire su ba ya canza komai.

JP6 an rubuta mata IDD, kuma ta nan ne kaɗai wutar bolt 3.3 ke ratsawa ta shiga ƙwaƙwalwar. An yi ta ne don awo. Ka zare hular, ka sa mita a ma'aunin amfiya, tsinke ɗaya a kowace ƙafa, sai wutar ta bi ta cikin mitar ka ga abin da ƙwaƙwalwar ke sha ita kaɗai, ban da ST-LINK da jar fitila. Ga mai gina abin da zai yi watanni a kan ɗan batir, wannan awon shi ne komai, musamman da irin L476 da ke iya sauka ƙasa da maikro'amfiya ɗaya idan ta yi barci mai nauyi.

Tarkon JP6 iri biyu ne. Idan aka gama awo aka manta ba a mayar da hular ba, LD1 na ci, LD3 na ci, kwamfuta na ganin ST-LINK, amma manhajar lodawa ta ce ba ta ga ƙwaƙwalwa ba. Mutum ya shiga sauya kebul da sake girka manhaja, alhali hular na kwance gefen linzamin kwamfuta. Na biyun ya fi ɓoyuwa. Mitoci da yawa suna da fis a layin auna miliamfiya, kuma fis ɗin nan yakan ƙone tun ranar da wani ya yi kuskuren auna bolt da tsinke a ramin amfiya. Mitar na kunnuwa, tana auna bolt daidai, amma a JP6 yankakkiyar waya ce. Sifilin da za ka gani ba tsimin wuta ba ne, ƙwaƙwalwar ce a kashe. Ka kuma tuna koriyar fitilar LD2 daga ƙafar PA5 take shan wuta, don haka in tana ci, cinta na cikin lambar da mita ta nuna.

An gama da wuta, saura wa ST-LINK yake magana da shi. Wannan aikin CN2 ne, ƙafafu huɗu da huluna biyu. Hanyar lodawar ana kiranta SWD, layi biyu gare ta: SWCLK mai ba da bugu, SWDIO mai kai saƙo da dawowa. Kowace hula layi ɗaya take haɗawa. Duka biyun a kai, ST-LINK na aiki da ƙwaƙwalwar allon. Duka biyun a cire, ya juya ga CN4, jerin ƙafafu shida da za ka ja wayoyi daga gare su zuwa wani allon. Ma'ana, wanda ya sayi Nucleo ya sami na'urar loda shiri kyauta. Jerin CN4 daga ƙafa ta 1 shi ne VDD_TARGET, SWCLK, GND, SWDIO, NRST, SWO.

Kurakurai uku ake yawan yi a nan. Ana barin hulunan CN2 a kai a jona allon waje, sai ƙwaƙwalwa biyu su hau layi ɗaya, saƙo ya cakuɗe. Ana zaton ƙafa ta 1 za ta ba allon waje wuta don an ga VDD, sunan layin wutar ƙwaƙwalwa, a sunanta, alhali ba ta bayarwa, sai ka nemo masa tasa, ka kuma haɗa GND ɗinsu. Sannan idan za ka yi amfani da ƙafa ta 5, ta NRST, wato ta risat mai sake tayar da ƙwaƙwalwa daga farko, littafin ya ce a buɗe SB12.

SB ɗin nan wata irin jamfa ce da ba a cirewa da yatsa. Wurare ne biyu na tagulla kusa da juna da ake haɗewa da dalma ko da razista mai sifilin om, kuma akwai su da dama a bayan allon. Mai zane yakan sa hula inda ya san za a riƙa canzawa, ya sa dalma inda ake canzawa sau ɗaya a rayuwar allo. Wadda ta fi cin mutane a cikinsu ita ce ta D0 da D1. Nucleo-64 yana da ramuka irin na allon gwajin nan Arduino Uno, kuma duk wanda ya taso da Arduino ya san D0 da D1 su ne na aika saƙo da karɓa. Sai ya jona musu na'urar GPS ko ta Bluetooth, ya ji tsit. Dalili kuwa, ƙafafun PA2 da PA3 an karkatar da su ta SB13 da SB14 zuwa ST-LINK, don abin da shirinka ya rubuta ya fito a kwamfuta ta kebul ɗin USB. SB62 da SB63, masu kai su D1 da D0, a buɗe suke zuwa. Kana iya juya lamarin da dalma, ka rufe SB62 da SB63 ka buɗe SB13 da SB14, amma ka rasa tagar da kake leƙa shirinka ta kwamfuta. Shawarata ita ce a bar su yadda suke, a ɗauki wata hanyar saƙon daban, tunda ƙwaƙwalwar tana da fiye da ɗaya. Dalma a kan abin da bai kai ƙwayar shinkafa ba tana da saurin ɗaye tagulla a hannun da bai saba ba.

Agogon ƙwaƙwalwar ma, wato bugun da take bi wajen aiki, ta irin waɗannan gadojin yake bi. Gurbin kiristal na X3 fanko yake zuwa. A allunan da takardar bayansu ta nuna C-02 ko sama, ban da irin su NUCLEO-L476RG, bugun MHz 8 daga ST-LINK yake gangarowa ta SB16 da SB50. A C-01 ba a haɗa shi ba. Shiri ɗaya zai iya tashi a wannan allo ya maƙale a wancan yana jiran agogon waje, kuma sunan allunan iri ɗaya. Haka nan wanda ya karya sashen ST-LINK ya raba shi da allon, abin da aka tanadi layin yankewa dominsa, ya yanke har da wannan bugun da kuma wutar USB, sai dai ya shigo da wuta ta VIN ko E5V ko ƙafar bolt 3.3.

Saura BOOT0, wadda ba ta da gurbi nata na musamman a wannan allo, ƙafa ce kawai, ta 7 a CN7. Ita ke gaya wa ƙwaƙwalwa daga ina za ta fara karatu idan ta farka. A F103 da F401, in BOOT0 na ƙasa, daga ma'adanar filash take farawa, inda shirinka yake, a adireshin 0x08000000. In BOOT0 na sama kuma 'yar'uwarta BOOT1 na ƙasa, sai ta shiga wani ɗan shiri da kamfani ya dasa tun a masana'anta, wanda ba ya gogewa, aikinsa jiran a turo sabon shiri. In duka biyun na sama, daga SRAM, ma'adanar da ke gogewa in wuta ta ɗauke. Masu amfani da ɗan shuɗin allon nan da ake kira Blue Pill sun san su, su ne rawayen huluna biyun da ke kusa da maɓallin risat. A Nucleo, BOOT0 a ƙasa take zaune, kuma an jera ta kusa da VDD, ƙafa ta 5, da gangan, yadda hula ɗaya daga cikin spaya za ta haɗa 5 da 7 ta ɗaga ta.

Amfaninta yana fitowa ranar da shirinka ya kulle ƙofa da kansa. Layukan SWD a kan PA13 da PA14 suke. Idan shirin ya karɓe su ya ba su wani aiki, ko ya jefa ƙwaƙwalwar barci da zarar ta tashi, ST-LINK ba ya samun shiga. A dangin F1, irin su F103, abin na faruwa cikin sauƙi, mutum ya bar zaɓin bin diddigi a kashe cikin manhajar tsara ƙwaƙwalwar, STM32CubeMX, lodin farko ya shiga, na biyu ya ƙi. Sai ka ɗora hular a 5 da 7, ka danna baƙin maɓallin B2. Ƙwaƙwalwar za ta tashi cikin shirin kamfani, naka bai samu damar rufe komai ba, ka goge filash ɗin, ka cire hular, ka sake danna B2. Danna maɓallin wajibi ne, domin ƙwaƙwalwar sau ɗaya take duba BOOT0, a 'yan bugun agogon farko bayan risat, daga nan ba ta ƙara waiwayarta. In kuma ka manta hular a kai, lodi zai riƙa shiga lafiya amma shirin ba zai tashi ba bayan an kashe an kunna.

Game da taɓa hulunan kansu, cire USB da duk wata wuta kafin ka matsar da JP5 ko CN2. Hula ta zame ƙafa ɗaya a jerin CN7, inda wuta da GND ke maƙwabtaka, ta isa ta haɗa shot. Lokacin hunturu, da iska ta bushe har riga na tartsatsi, taɓa wani ƙarfe kafin ka taɓa allon. Idan kana shakkar wata hula, sa mita a ma'aunin ƙara ka gwada ta, don tsohuwar hula takan saki ta zauna a kan ƙafafu ba tare da ta kama su ba. Ɗaukar hoton allon gaba da baya ranar da ya fito daga kwali ya fi dogaro da tuni.

Dalilin riƙe lambar MB1136 kuwa shi ne, sunayen jamfa ba su da ma'ana ɗaya a kowane allo, ko da kamfani ɗaya ya yi su. A Nucleo-144 mai lambar MB1137, zaɓin wuta a JP3 yake, da matsayi uku, E5V da U5V da VIN kowanne da nasa. JP5 a can ita ce ta IDD, hulunan ST-LINK kuma a CN4 suke. Wanda ya karanta a intanet cewa a zare JP5 don auna wuta, ya zo ya zare ta a MB1136, ya yanke wa sashen ƙasa duka bolt 5 ɗinsa ne, kuma abin da mitarsa za ta nuna a wurin cin dukkan sashen ne har da fitila da regileta. Lambar tana buge a jikin allon, takardar da ke nuna C-01 ko C-02 kuma tana manne a bayansa. Da su ake neman littafin da ya dace a shafin kamfanin, a buɗe teburin jamfa, a bi shi layi-layi da allon a hannu.